Jagorar Gajeren Hutu a Gaɓar Tekun Gana: Daga Cape Coast Zuwa Nzulezu

Gaɓar tekun Gana da ke yamma da Akara, wadda ta miƙe daga Cape Coast da Elmina har Beyin kusa da iyakar Kodebuwa, ƙasar masunta ce da manoman kwakwa da rogo. Fante ne ke zaune a gabashinta, Ahanta a tsakiya, Nzema kuma a can yamma. In aka cire Cape Coast da Sekondi-Takoradi, sauran duk ƙananan garuruwa ne da ƙauyuka, kowanne da mashigar kwale-kwalensa da murhunan bandar kifi, da yawansu kuma da tsohon sansanin Turawa a kan tudu. Kwana huɗu sun isa mutum ya ga muhimman wuraren, ya kuma ci abincin yankin yadda masu shi ke ci, muddin ya tsara tafiyar bisa abu biyu: babbar hanya guda ɗaya ce tak ta ratsa gaɓar, kuma rayuwar mutanenta tana bin lokacin fitar masunta da dawowarsu.

Lokacin da ya dace

Damina biyu ake yi a kudancin Gana. Babbar tana sauka daga Afrilu zuwa farkon Yuli, ƙaramar kuma a Satumba da Oktoba. Kewayen Axim ya fi ko'ina a ƙasar samun ruwan sama, don haka hanyoyin ƙauye marasa kwalta kan lalace ƙwarai a Mayu da Yuni. Daga Nuwamba zuwa Maris hanya a bushe take, sai dai akwai zafi mai gumi wanda mutumin arewa bai saba da shi ba, hunturu kuma ba ya isa gaɓar da ƙarfi. Ga wanda abinci ne ya fi jan hankalinsa, Agusta ya fi kowane wata: iska na da sanyi, ruwan sama kaɗan ne, kuma lokacin ne ruwan teku mai sanyi ke tasowa daga ƙasa ya janyo garken sardin kusa da gaɓa, kifi ya yi araha. A wasu shekarun gwamnati kan rufe kamun kifi a watan Yuli don kifin ya hayayyafa, saboda haka mai niyyar zuwa a watan ya fara tambaya.

Ranar Talata masuntan Fante ba sa shiga teku. Ranar gyaran taru ce da hutawa, kuma al'adar tana da ƙarfi har yau. Wanda ya sa ziyarar kasuwar kifi a Talata zai tarar da kwale-kwale a ɗaure. Akwai kuma bukukuwan gargajiya da ke cika masaukai: Bakatue na Elmina a Talatar farko ta Yuli, Fetu Afahye na Cape Coast a Asabar ta farko ta Satumba, sai Kundum da Ahanta da Nzema ke yi gari bayan gari daga wajen Agusta zuwa ƙarshen shekara. Mai son ganin taro ya kama ɗaki tun da wuri, mai neman natsuwa kuwa ya kauce wa ranakun.

Shiri da hanya

Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza, fasfo ya wadatar, amma ana neman katin rigakafin shawara a filin jirgi da kan iyaka. Jirgi daga Legas zuwa Akara kusan awa ɗaya ne. Ta ƙasa kuwa sai an ratsa Kwatano da Lome a shiga ta Aflao, tafiyar da ke cinye yini guda saboda tsaye-tsayen iyakoki uku. Agogon Gana yana bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Kuɗin ƙasar sidi ne, kuma ko da yake biyan kuɗi ta waya ya game ko'ina, baƙon da ba shi da layin Gana gara ya riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin daga Takoradi zuwa yamma na'urar cirar kuɗi sai jefi-jefi.

Motocin yamma suna tashi daga tashar Kaneshie a Akara. Akwai manyan bas-bas, akwai kuma ƙananan motocin haya da ake kira trotro, waɗanda ba sa tashi sai sun cika. Idan mutum uku ne ko huɗu, ɗaukar shatar mota da direba ya fi sauƙi, don wurare da dama suna nesa da bakin titi. Daga Akara zuwa Cape Coast kusan kilomita 150 ne, tafiyar awa uku in an yi sammako an wuce Kasoa kafin cunkoso ya haɗu. Rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 ta faɗi wajen 6 duk shekara, duhu kuma yana rufewa da sauri. Tuƙin dare a wannan hanya ba abin so ba ne, saboda manyan motocin da ke zirga-zirga tsakanin tashoshin jiragen ruwa da iyaka.

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne canza masauki kullum. Sauri kan haifi nawa: rabin kowace rana sai ya tafi a ɗaure kaya da neman ɗaki. Zango biyu sun isa, kwana biyu a Cape Coast ko Elmina, kwana biyu a Busua ko Axim ko Beyin.

Ranar farko: hanyar Fante da Cape Coast

Bayan Winneba hanya takan buɗe. Mankessim tsohuwar cibiyar Fante ce mai babbar kasuwa, kuma a nan ake ganin ɗaya daga cikin gine-ginen posuban mafi shahara, wato matattarar rundunonin asafo na gargajiya, masu hawa-hawa da mutum-mutumin siminti. Daga Saltpond teku yake bayyana a hannun hagu. A Abandze akwai kangon sansanin Amsterdam a kan tudu, a Anomabo kuma sansanin William. Wurin da ya wajaba a tsaya shi ne mararrabar Yamoransa, inda hanyar Kumasi ta rabu. Mata ne jere a bakin titi da tulin kenke na Fante, kuma nan ne ya kamata baƙo ya fara ɗanɗana shi.

Sansanin Cape Coast Turawan Suwidin ne suka aza harsashinsa a 1653, ya faɗa hannun Ingila a shekarun 1660, garin kuma ya zama hedikwatar mulkinsu har 1877 da aka mayar da ita Akara. Ana zagayawa da ɗan jagora na kimanin awa ɗaya. Zai shigar da baƙi kurkukun ƙarƙashin ƙasa inda aka riƙa cusa ɗaruruwan maza cikin duhu, ya nuna cocin da aka gina daidai saman kurkukun, sannan ya kai su ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jirgi, wadda in aka fita ba a dawowa. Wuri ne da ke bukatar natsuwa da kame baki, kuma bai kamata a shiga da yara ƙanana ba tare da an shirya musu bayani ba. Da yawa daga cikin waɗanda aka tsare a nan daga arewa aka koro su, ta kasuwanni irin su Salaga, garin da fataken Hausa suka daɗe suna zuwa sayen goron Gwanja. A Assin Manso, kimanin kilomita 40 a kan hanyar Kumasi, akwai rafin da ake sa su wankan ƙarshe kafin a kai su gaɓa. Hukumar UNESCO ta sa sansanonin gaɓar Gana cikin kayan tarihin duniya a 1979.

Rana ta biyu da ta uku: Kakum da Elmina

Kakum da Elmina duk wuraren safe ne, shi ya sa ba a haɗa su rana ɗaya. Gandun dajin Kakum yana kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast. Abin da ke kai mutane shi ne gadar igiya da aka rataya tsakanin manyan itatuwa a 1995, mai zubi bakwai, tsawonta kusan mita 350, tana rataye a tsayin wajen mita 30 zuwa 40 daga ƙasa. Akwai giwaye a dajin amma da wuya a gan su. Birai da tsuntsaye da malam-buɗe-littafi su ne rabon mai sammako. Asabar da Lahadi 'yan makaranta kan cika wurin. Kafin a kai gadar akwai hawan tudu mai ɗan wahala, don haka takalmi mai riƙe ƙafa ya fi silifa. Wanda jiri ke ɗauka yana iya zaɓar yawon ƙasa da ma'aikacin gandun, wanda zai nuna masa itatuwan magani da na katako.

Elmina kilomita 12 ne kacal daga Cape Coast, kuma ya fi dacewa da safiyar ranar da za a wuce yamma. A isa kafin ƙarfe 7. A kan gadar da ta ƙetare bakin tafkin Benya ake tsayawa a ga kwale-kwale suna shigowa, manya, kowanne da fentinsa da tutocinsa da sunan da aka rubuta a jikinsa. Daga gungumen itacen wawa guda ake sassaƙa gindinsu a can cikin daji, a kawo gaɓa a ƙara musu katako da inji. Maza ke kamu, amma ciniki na mata ne. Su ke saye a daro-daro, su ke banda, sau da yawa ma su ke ba da kuɗin man da aka fita da shi. Kowace mashiga tana da sarkin masunta da shugabar matan kifi, su ke sasanta rigima da daidaita farashin ranar.

Ana biyan ɗan kuɗin shiga kasuwar kifin, ƙasa kuma a jiƙe take. Mai saye ya duba abu uku: ido garau, cikin kunne ja, tsoka kuma ta dawo in an danna. Sardin da tuna da barakuda da jan kifi su ne aka fi samu, ga jatan lande da ƙaguwa. Ƙananan masaukai da yawa sukan gasa wa baƙo kifin da ya kawo a kan ɗan lada, in ya yi magana da mai girki tun daren jiya. Babu abincin otal da zai kamo wannan.

Sansanin Elmina shi ne mafi tsufa, Turawan Fotugal suka gina shi a 1482 don cinikin zinariya. Holan ta ƙwace shi a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. A nan aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896 kafin a kai shi Saliyo, daga can kuma tsibiran Seychelles. Filin da ke gefen sansanin shi ne mazaunin tsohon garin, wanda jiragen yaƙin Ingila suka rusa a 1873. Bayan an fito, hawa tudun St Jago na minti goma yana nuna komai a dunƙule: sansanin, tafkin, filayen gishiri da hayaƙin banda.

Abin da ake ci

Kenke shi ne tushen abincin Fante. Ana jiƙa masara kwana biyu ko uku, a niƙa, a bar ƙullun ya yi tsami, a dafa rabinsa a gauraya da ɗanyen, a ƙunshe a ganye a sake dafawa na awoyi. Na Akara a bawon masara ake naɗe shi kuma da gishiri. Na Fante a busasshen ganyen agada ake naɗewa, yawanci ba gishiri, ya fi tauri, kuma yakan yi kwanaki bai lalace ba, abin da ya sa ya zama guzurin masunta. Da hannu ake ci, a haɗa da soyayyen kifi da ɗanyen barkono da aka niƙa da tumatir da albasa, sai shito, wato baƙin yaji da ake soyawa da garin kifi da jatan lande da citta. Wasu kan dama shi da ruwan sanyi da sukari da madara su sha da rana.

Miyar da ta fi nuna hannun yankin ita ce fante-fante. Ɗanyen kifin da aka kamo ranar ake dafawa cikin manja da tumatir da albasa da attarugu, ba a soya shi ba, ba a kuma cika juyawa don kada ya farfashe. Ana cin ta da etsew, tuwon ƙullun masara mai tsami, ko da ɗan'uwansa banku. Idan kifin na jiya ne miyar ba ta yin daɗi, shi ya sa ake neman ta da rana a kusa da mashiga. Akwai kuma sakwarar rogo da agada da miyar kwakwar manja ko ta gyaɗa, da red-red, wato wake da manja da soyayyar agada, da kelewele, agada nunanniya da ake yankawa a cuɗa da citta da barkono a soya da yamma. Ƙamshi mai ƙarfi da ake ji a miyar kwantomire, wato ganyen gwaza, da ta gauta na momoni ne, kifin da aka sa wa gishiri aka bari ya ruɓa kaɗan. Baƙo kan yi masa kallon tsoro da fari, amma ɗan ƙanƙane ake sakawa, kuma shi ke ba miyar armashi.

Da an shiga ƙasar Ahanta da Nzema sai rogo ya karɓi ragama. Akyeke, wanda a Kodebuwa ake kira attiéké, rogo ne da aka goga aka bari ya yi tsami aka turara, yana fitowa warwar kamar dambu. Da soyayyen kifi da barkono da ɗan manja ake cinsa. Ɗanyar kwakwa kuma tana ko'ina a bakin hanya, mai sayarwa zai sare ta da adda a sha ruwan, ya tsaga a kankare naman.

Ga Musulmi, kifi da sauran abin teku ba su da matsala a mazhabar Malikiyya. Inda ake lura shi ne miyar gidajen abinci na gargajiya da ake kira chop bar, domin tukunya ɗaya tana iya ɗauke da ƙafar alade mai gishiri ko naman dajin da ba a yanka ba, ko da kifi aka zuba wa mutum a kwano. A tambayi abin da ke cikin tukunyar gabaki ɗaya, masu sayarwa sun saba da tambayar kuma ba sa jin haushi. Mai son nama ya nufi zango. Cape Coast da Elmina da Takoradi duk suna da unguwannin Musulmi, waɗanda asalinsu ya haɗa da dakarun Hausawa da Ingila ta kawo daga Legas a shekarun 1870 da fataken goro da shanu da suka biyo baya. A can Hausa ce harshen ciniki, akwai masallatai da mahauta, akwai koko da ƙosai da safe, da waakye, shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi, da tuwo da miyar ayoyo, da tsire da daddare. A Cape Coast kewayen kasuwar Kotokuraba ne wurin nema. A ƙauyukan bakin teku masallaci kan yi wuya, don haka a tafi da darduma. Alƙibla tana gabas maso arewa, teku zai kasance a hannun dama.

Yamma da Takoradi

Bayan Elmina ana ƙetare kogin Pra a Beposo a shiga Takoradi, garin da aka buɗe tashar jiragen ruwansa a 1928. A nan ake shan mai a ciri kuɗi. Daga Agona Nkwanta hanya ke karyawa kudu zuwa Busua da Dixcove da Butre, ƙauyuka uku da ke kusa da juna. Busua tana da doguwar gaɓa mai yashi da masaukai iri-iri. Daga can ana iya takawa a ƙafa zuwa Dixcove, inda sansanin Metal Cross na Ingila ke kallon wata 'yar mashiga cike da kwale-kwale, ko zuwa Butre, inda kangon Batenstein na Holan yake a saman tudu, a ƙasansa kuma kogi mai itatuwan bakin ruwa da ake shiga da kwale-kwale. Cape Three Points shi ne ƙarshen ƙasar Gana ta kudu, yana da hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta 1925, amma hanyarsa ba ta da kyau kuma zuwa da dawowa na cin rabin yini. A hutun kwana huɗu barin sa ya fi. A cikin teku daura da nan ne aka gano man fetur na rijiyar Jubilee a 2007.

Axim tana da sansanin St Anthony da Fotugal ta gina a 1515. Gaba kaɗan, bayan an haye kogin Ankobra, akwai Nkroful, mahaifar Kwame Nkrumah. Ƙarshen tafiyar Beyin ne, inda ake hawa kwale-kwale zuwa Nzulezu, ƙauyen da aka gina shi kacokan a kan turaku cikin tafkin Tadane. Tuƙin kusan awa ɗaya ne ta cikin fadama da dajin tukurwa, ruwan baƙi ne wuluk saboda ganyen da ke ruɓewa a ciki. Titi ɗaya ne na katako ya ratsa ƙauyen, gidaje a gefe da gefe, da makaranta da coci. Mutanen suna ba da labarin cewa kakanninsu daga wani tsohon gari mai suna Walata suka taso, dodon koɗi na yi musu jagora. Noma suke yi a tudun da ke kewaye, da kamun kifi, da dafa barasar akpeteshie daga bammi, wadda sukan miƙa wa baƙo. A ƙi karɓa cikin ladabi ba laifi ba ne. Alhamis rana ce mai alfarma ga tafkin a al'adarsu, don haka a zaɓi wata ranar. A yi rajista a ofishin baƙi na Beyin, a karɓi rigar kariya daga nutsewa, a kuma fita da safe kafin rana ta take. Ƙauyen gidan mutane ne, kuma yawan baƙi ya gajiyar da su. Gaisuwa kafin komai, da neman izini kafin ɗaukar hoto, da sayen ɗan abin da suke sassaƙawa sun fi raba wa yara kuɗi.

Tekun wannan gaɓa yana da igiyar da ke ja ta ƙasa, kuma takan tafi da wanda ya iya iyo ma. Wanda a kogi ko tafki ya koyi ruwa kada ya wuce gwiwa, kada kuma a bar yaro shi kaɗai a bakin ruwa ko na minti ɗaya. Gaɓar da ke cikin gari wurin aiki ne, ba ta da tsabta; ta hutawa tana wajen gari. Sauro na da yawa, a tabbatar ɗakin yana da gidan sauro. Idan aka tarar da masunta suna jan taru daga bakin yashi, sukan yi maraba da wanda ya kama musu igiya, kuma a nan take ake sayen kifi mafi sabunta.

Tsarabar da ke jure hanya ita ce kenken Fante, da shito a kwalba mai murfi, da kifin banda wanda ya bushe sosai, da man kwakwa na Nzema. Mai komawa ta jirgi ya sa su cikin jakar da za a auna, a naɗe da kyau. Daga Beyin zuwa Akara ya haura kilomita 300, kuma da tsaye-tsaye da cunkoson Takoradi da Kasoa tafiyar takan cinye yinin gaba ɗaya. Wanda zai hau jirgi ya kwana a Akara, ya sa tashinsa washegari.